Wa Ya Sari Hasumiyar Tsibiri?

Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, 2024, aka fara saran hasumiyar da ke kan tsibirin gulbi. Malam Ishaq Liman bai yi tantama a kan ranar ba, domin ita ce ranar da aka raka shi tasha zai tafi Sakkwato aikin ido. Wata mai sayar da kifi ce ta faɗa masa cewa tun motarsa ba ta bar Talata Mafara ba ta ga jirage sun nufi tsibirin. Su wa ke ciki? Sai ta ce rana ta kashe mata ido.

Wato jira aka yi ya ba da baya.

Hasumiyar ta jar ƙasa ce, doguwa, mai ƙananan tagogin harbi da ke fuskantar ruwa. Daga samanta kakanni suke hango jiragen mahara su buga ganga. Duk tsawon koyarwarsa a Kaya, babu ajin da Malam bai tsallaka da shi can ba. Yakan sa yara su dafa bangon, ya gaya musu cewa da makuba aka kwaɓa ta, kuma duk ƙasar Maradun babu ƙasar gini mai ƙarfinta. Wanda ya yi hamma ya sha rankwashi.

Yanzu ga shi ya dawo da ido garau, abin da ya fara gani daga bakin gulbi shi ne gefen yamma ya rame. An sare kafaɗar ginin da gatari, an kwashe, ko ɓurɓushi ba a bari ba. Idan damina ta same ta haka, ta tafi ke nan.

Malam ya kasa zama. Ya je wurin Bawa mai fito, tsohon ɗalibinsa da yanzu har ya yi furfura, ya tambaye shi jirgin wa ya yi dakon. Bawa ya duƙa, ya ja gaisuwa, ya tambayi ido, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Sakkwato, sannan ya ce ruwa na kowa ne. Ya je wurin masu buga tubali, suka ce su aikin rani bai kankama ba. Har Morai ya hau babur, don ya ji ana sabon gini, ya dawo da ƙura a gemu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda kowa ke sunkuyar da kai. Garin da aka yi masa gayya yana kwance a asibiti, aka tayar masa da zaurensa da ruwan Agusta ya rusa, yau an rasa mutum ɗaya da zai gaya masa gaskiya.

A gida ma bai samu goyon baya ba. Taibatu, matarsa, ta ajiye masa kunu ta ce, "Malam, ka bar maganar ga. Ba kowane abu a kan tona ba."

Ya ce ita ma ashe an saye ta. Ta ɗauke kwanonta ta shige.

Ya daina barcin rana. Yakan fita bakin gulbi ya dawo, ya sake fita. A masallaci, da an sallame sai ya miƙe, mutane su fara neman takalmansu. Da abin ya ishi maigari Hamidu, ya aiko cewa ranar Juma'a bayan la'asar zai zo da kansa da dattawa, a yi ta ta ƙare.

Suka cika zauren. Bawa ya rakuɓe a bakin ƙofa tare da wasu magidanta, duk waɗanda suka taɓa zama a gaban allon Malam. Shi kuwa ya zauna a kan buzunsa, ya jingina da bango, ya fara. Ya kawo tarihin hasumiyar tun daga tushe. Ya ce shi ba tara yake nema ba, ba ɗauri ba. Abu biyu ne: a mayar da ƙasar inda aka ɗebo ta, komai aka gina da ita a rushe, sannan wanda ta ƙare a gidansa ya tsaya tsakiyar kasuwar Talata, rana tsaka, ya nemi gafarar jama'a da bakinsa.

Maigari ya tambaye shi ko ya amince da wannan hukunci a kan ko wane ne.

"Ko ɗan cikina ne, ranka shi daɗe."

Maigari ya dubi Bawa. Bawa ya cire hula, ya murza ta a hannu, ya ce, "Malam, kai kac ce muna babu ƙasa irin tata. Mu ko muka ga ba mu yi ma malaminmu gini da wadda ba ta kai ba. Ita ce wagga da ka jingina da ita."