Allon da Na Goge

Allo ne ya fara haɗa mu faɗa. Ina share ofishin Farfesa na goge wata tafiyar tsutsa, ashe lissafin wata uku ne kan yadda lantarki ke ratsa ƙarfe mai tsananin sanyi ba ya raguwa. Ya yi ta ihu, na ce, "Mai ilimi a ka yake ajiya."

Yau, bayan shekaru, ga shi a ƙofata, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

"Mai shara, za ki aure ni?"

'Yar ta sunkuyar da kai. Tambaya ta huɗu ke nan a makon nan. Ciwon mantuwa ya kama shi, lissafin duk ya zube daga kansa, ni kaɗai na rage.

Na gyara masa wuyan riga.

"Na yarda, Farfesa. Gobe ma ka zo ka tambaya."