Lambar Da Nu'uman Ya Toshe

Malam Nu'uman mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya tsaya tunanin abin da kake nema a wurinsa. Ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a gidansu na gado a Ƙofar Kaura da matarsa Rashida da mahaifiyarsa Hajiya Saudatu, wadda hawan jini ya matsa wa.

Gidan tsohon gini ne mai kaurin bango. Ɗakin Hajiya yana can ƙurya, inda sabis ɗin waya ba ya shiga ko kaɗan. Shi ya sa Nu'uman ya yanke shawarar sayen na'urar waifai irin mai akwati uku, wadda ake rarrabawa a gida wannan na miƙa wa wancan, don Hajiya ta riƙa kiransu ta intanet in jikin ya motsa.

Maƙwabcinsa Joseph, mutumin Filato, aikinsa ke nan haɗa irin waɗannan na'urori a ofisoshi. Da ya ji labari, bayan sun gaisa, sai ya ce, "Malam, ko mai araha za ka saya, ka nemi wadda manhajarta ke nuna sunan kowace waya da ta hau. In kana so mu je tare."

Nu'uman ya yi godiya a baki. Yana shiga gida ya ce wa Rashida, "Kin ji shi? Mi ya dame shi da waifai ɗina? So yake shi kai ni wurin mutanensa a yanka ni, kuma shi san lambar sirrina."

"Haba Malam, mutumin nan shekara tara muna tare."

"Ke dai ba ki san mutane ba."

Shi kaɗai ya tafi Babbar Kasuwa, ya zaɓo wadda ta fi kowace arha, ba takardar bayani, ba kwali. Ta yi aiki kam, har ɗakin Hajiya. Amma manhajarta ba ta nuna suna, sai wasu dogayen lambobi gauraye da haruffa. Nu'uman ya kwafe lambobin wayoyin gidan uku a takarda, ya sa a aljihu. Daga nan ya samu sabuwar sana'a: ko abinci yake ci, yana leƙa waya ya ga wa ya hau masa.

Ranar wata Lahadi ya wuni a Daura wurin ɗaurin aure. Washegari da safe ya buɗe manhajar, sai ga baƙuwar lamba. Kuma a kan akwatin da ke ƙofar ɗakin Hajiya take, wanda ke jingine da katangar gidan Joseph.

Ransa ya ɓaci, amma har da ɗan daɗi a ciki, don yau zarginsa ya tabbata. Bai tambayi Rashida ba, domin ya riga ya yanke cewa ita ta ba matar Joseph lambar sirrin.

Ya leƙa ya gaida Hajiya, idonsa na kan waya.

"Jiya ƙanwarka Lailatu ta zo," in ji Hajiya. "Ka ga abin da ta..."

"To Hajiya, na makara. Sai na dawo."

A zaure ya danna, ya toshe baƙuwar lambar. Ya fita yana murmushi, har ya ɗaga wa Joseph hannu.

Rashida malamar makaranta ce, ita ma ta fita. Da hantsi Hajiya ta ji kanta ya sara, hannunta na dama ya yi nauyi. Ta lallaɓa ta jawo waya ta kira Nu'uman, kiran bai tafi ba. Ta kira Rashida, ta kira Lailatu, ta sake kiran Nu'uman. Muryarta kuwa ba ta iya ƙetare wannan bangon.

Sai bayan azahar Rashida ta dawo ta same ta a ƙasa, baki ya karkace, waya a hannun hagu. Ihunta ne ya fito da Joseph. Shi ya ɗauki Hajiya a motarsa zuwa asibiti.

Likita bai ɓoye wa Nu'uman ba. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da an kawo ta tun da safe, da abin bai kai haka ba.

Lailatu ta iso tana kuka. "Yaya, ni fa sabuwar waya na kawo mata jiya, tsohuwar ba ta riƙe caji. Da hannuna na haɗa mata da waifai. Mi ya hana ta kira?"

Rashida ta miƙa wa Nu'uman wayar. Kira goma sha ɗaya, ba wanda ya fita. Bakwai daga ciki sunansa ne.

Nu'uman ya ciro tasa wayar. Ya buɗe manhajar ya nuna wa Joseph lambar da ya toshe. Joseph ya duba cikin wayar Hajiya, ya ɗora su gefe da gefe. Lamba ɗaya ce. Joseph ya mayar masa da wayoyin ya dafa kafaɗarsa.

Hajiya ta dawo gida bayan mako uku, amma maganarta ba ta dawo ba. Kullum da safe Nu'uman yana zama a gabanta ya daɗe, ba ya duba waya. Jimlar da ta fara faɗa masa ran nan, har yau ba ta ƙarasa ba.

'Yan'uwa, in za mu sayi abin da ba mu da iliminsa, mu nemi wanda ya sani, kada arha ta ruɗe mu. Kuma kafin mu hukunta wani a kan zato, mu buɗe baki mu yi tambaya. Da Nu'uman ya tsaya ya saurari mahaifiyarsa na minti ɗaya, da yau tana amsa gaisuwarsa.