Tsinke a Kunnena

Da la'asar ɗin da Inna ta ja hannuna zuwa kasuwar Marché Congo, na ɗauka atamfar Sallah za ta saya min, har ina hango kaina cikinta kamar amarya. Ashe Hajiya mai shagon tana bin ta bashi tun bara.

"Ba kuɗi, Hajiya, amma ga wannan," in ji Inna. Ta zare 'yan kunnen zinariyar da Kaka ta bar min daga kunnena.

Hajiya ta jijjiga su a tafin hannu. "C'est fini, bashi ya ƙare, kin fita."

Inna ta karyo tsinken tsintsiya ta soka min, kada hujin ya toshe, ni kuwa ina ta kuka. "Ke, rufe min baki! Yau zan yi barci."

Muna isa gida a unguwar New Bell ta kwanta, har da minshari. Na girma, na fahimce ta, amma minsharin nan ban yafe ba.