Fitowar da Aka Yage

Tun a fitowar farko Ammatullahi ta gane wasan da ta rubuta ne ake yi a kan dandamali. Sunaye kawai aka sauya.

Ta damƙe hannun ƙawarta Turai da ke zaune gefenta. "Malam Ajimi ne, shugaban ƙungiyarmu. Shi kaɗai na ba rubutun. Ya ce bai nuna ba, in je in ƙaro ilimi."

"Ki yi haƙuri, ƙawata," in ji Turai. "Allah zai saka miki."

Ammatullahi ta kafe ƙeyar malamin da ido a layin gaba, tana shirya abin da za ta faɗa masa.

Sai aka shiga fitowa ta uku: uwa tana wanke rigar ɗanta da ya ɓace a hanyar Konduga, duk Juma'a sai ta wanke ta shanya. Ammatullahi ta ɗauke idonta daga kan malamin. Wannan fitowar ai ta yage ta kafin ta kai wa Malam Ajimi, don labarin mahaifiyarta ne. Sau ɗaya tak ta taɓa karanta ta a fili, tare da sauran wasan gaba ɗaya, a rumfar turaren wutar Turai a Kasuwar Litinin, ranar da Turai ta kife wayarta a kan tebur ta ce, "Don kada a dame mu."

Aka gama, tafi ya cika zauren. Mai gabatarwa ya ce marubuciyar ta fito a gan ta.

A hankali Turai ta zare hannunta daga na Ammatullahi, ta gyara lafayarta, ta miƙe.