Tsakiyar Taɓarya

Ranar Laraba da la'asar taɓaryar Inna Shatu ta faɗo daga kanta a bakin zauren Alhaji Sada. Shekara talatin tana dakau gida-gida a Daura, tana ɗora taɓaryar nan a gicciye bisa gammo, ta tafi tana lilo da hannuwa. Masu zama a dakali suka ce tsufa ne ya zo. Ta ɗauka, ta dube ta, ta saɓa a kafaɗa ta wuce.

Ba wanda ya damu da ita, don gidan a hargitse yake. Sarƙar gwal ta Haulatu, matar Alhaji, ta ɓata daga kan taga inda ta ajiye ta za ta yi wanka. Baƙo ɗaya ne ya shiga gidan a ranar, Mati masassaƙi, wanda ya yini a tsakar gida yana gyaran turmi da taɓare. An caje shi kafin ya fita, har cikin hula da jakar kayan aiki. Ba a sami komai ba.

Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a, kuma maganar yanke hannu ta cika rediyo. Mati yana da 'ya'ya bakwai, da hannuwan nan biyu yake ciyar da su. Alhaji ya rantse in aka ga sarƙar ta hanyarsa, sai gaban alƙali.

Da safiyar Alhamis Shatu ta zo aiki kamar kullum. Ta daka gero kwano uku, da siririn kan taɓaryar, wanda ba ta saba daka da shi ba. Tana yi tana zagin Mati a fili: mai zuciyar kare, wanda ya taɓa sayar mata da turmi mai tsaguwa ya shafe tsagar da toka. Duk unguwa an san ba sa ga maciji.

Wajen hantsi Hussaini, ƙanen Alhaji, malamin makaranta, ya zo da tunani. Ya ce mutumin da ke yawo da ƙarfen huda itace ba a aljihu zai ɓoye abu ba. A faskare taɓaren duka a gani. Aka kira mai unguwa, aka kawo Mati, aka jera taɓare huɗu a zaure: uku na gidan, ɗaya ta Shatu, don tata taɓaryar ma ya kankare mata kai jiya.

Shatu ta fito da dusa har gwiwar hannu.

"Malam, ku faskare naku. Tawa uwata ta bar min, wanda ya sa mata gatari sai ya haɗa da ni. Kai da ka yi boko, ba ka san yadda ake gane taɓarya mai ciki ba?"

Ta ce gwal ba itace ba ne. Ɗan kaɗan ɗinsa nauyi ne da shi, in aka cusa shi a kai ɗaya dole taɓarya ta rinjaya can. Ta sa aka kawo zare, aka auna tsawon ta farko, aka ninka zaren biyu, aka ɗiga gawayi a tsakiya. Sannan ta ɗora taɓaryar a kan yatsunta biyu, ɗaya a kowane gefe, ta riƙa matso da su a hankali. Inda yatsun suka haɗu, nan nauyin yake zaune. In sun haɗu a kan gawayi, ba komai a ciki.

Hussaini ya ce wannan gaskiya ne, haka yake a littafi. Mai unguwa ya ce a yi.

Ta farko, a kan gawayi. Ta biyu, haka. Ta uku ta ɗan yi rawa, sannan ta zauna. Mati yana tsugune a gindin bango, ya sa hannun damansa cikin hammata. Bai kalli ko ɗaya cikin ukun ba.

Da aka zo kan ta huɗu, Hussaini ya ce shi zai gwada da kansa, tunda mai ita ba ta yi wa kayanta shaida. Shatu ta miƙa masa ba musu. Ya auna, ya ninka, ya ɗiga. Ya matso da yatsunsa. Gumi yana ɗiga daga haɓar Mati.

Yatsun suka haɗu a kan gawayi daidai. Ya sake, suka sake haɗuwa.

Mai unguwa ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce zato ba hujja ba ne, a sallami bawan Allah. Alhaji ya ba da haƙuri a daƙile. Shatu ta karɓi kayanta, ta ce an ɓata mata rabin yini a kan banza.

Kafin magariba Shatu ta biya rumfar Mati. Ba ta yi sallama ba. Ta jefar da taɓaryar a gabansa.

"Ka cire abin da ka cusa mata a kai. Gobe da sassafe nake son ta, yadda uwata ta bar min ita. Don yaran nan ne, ba don kai ba."

Ranar Juma'a Haulatu ta tsinci sarƙarta a gindin buhun geron da Shatu ke ɗiba, aka yi ta hamdala ana cewa mantuwa ce. Shatu ta gama dakanta, ta ɗora taɓarya bisa gammo, ta ɗan zame ta gefe da faɗin yatsa, ta fita tana lilo da hannuwa.

Tun ranar da aka sassaƙa taɓaryar nan gindinta ya fi kanta nauyi, kuma ba ta taɓa tsayawa a tsakiya ba sai a kwana biyun nan.