Shuɗin Gyale

Har Malam ya hau kujerar jirgin da ya ƙera, sai jauro, mai unguwarsu, ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Banɗakunan Sabon Layi ba su da rufi. In ka tashi sama, matan mutane za ka leƙa."

"Ranka ya daɗe, jirgin leƙen teku ne! Sojan ruwa na ƙera wa!"

"Ina teku a Mubi? Ko a ɗaure maka ido, ko ka sauko."

Matar Malam ta dubi mijinta. Tun da ya bar aikin sojan ruwa ya dawo gida, ba shi da zance sai wannan helikwafta. Injin kekensu mai ƙafa uku ya tafi ciki, ƙofar kicin ɗinta ta zama farfela. Ta san in aka sauko da shi yau, ya daina shiga mutane ke nan. Ta zare shuɗin gyalenta, ta ɗaure masa ido. Jauro ya riƙe igiyar jirgin, kada iska ta kai shi Kamaru.

Inji ya yi ruri. Kaji suka watse, hular jauro ta haura katanga. Jirgi ya yi ta jijjiga, amma bai bar ƙasa ba.

Dariya na shirin ɓallewa, matar ta watsa wa taron 'yan kallo harara. Kowa ya haɗiye tasa. Ta durƙusa, ta siranta murya kamar mai kira daga nesa.

"Maigida! Me ka hango?"

Gyalen ya jiƙe daidai idanunsa.

"Teku," ya ce. "A ƙara min igiya."

Jauro ya sassauta.