Gidan Abincin Bayan Gareji

Mai gyaran agogo ya daɗe yana zaga gari da malamar asibiti, suna neman inda abincin rana ke da daɗi. Yau ya kawo ta bayan gareji, inda direbobi ke cincirindo, da niyyar yi mata maganar aure.

Kullum ita ke fara ɗanɗana abincinsa. Yau ko cokali ba ta taɓa ba.

"Ranki ya daɗe, a duba mana gishirin mana."

Ta sunkuyar da kai. "Jiya aka kawo gaisuwar wani, kuma na amince. Kowane lungu ka kai ni, Malam, amma ba ka taɓa tambayar hanyar gidanmu ba."

Mai abinci ta leƙo. "Ango, a ƙaro miya?"

Ya daɗe kafin ya ce, "A ƙulle mata nata, Hajiya. Sauri take."